Nakiyar fasa dutse ce ke tsaga mana ɗakuna? Amsa ga mai tambaya daga Garwa

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, amma gidanmu na gado yana ƙauye, kusa da inda ake fasa dutsen siminti. Tsakanin gidan da ramin bai kai kilomita ɗaya ba. Duk ranar da aka tayar da nakiya sai kwanon ɗaki ya yi ƙara, ƙasa ta motsa, hankalin tsohonmu ya tashi. Yanzu ɗakuna biyu sun tsage, ƙura kuma ta hana mata shanya. Mun yi magana, an ce mana aikinsu yana kan ƙa'ida, gininmu ne ba shi da ƙwari. Shin nakiya tana tsaga gini daga wannan nisa? Kuma me ya kamata mu nema a yi mana?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abu biyu kake son sani: ko nakiyar ce ta tsaga ɗakunan, da kuma abin da za ku riƙe a hannu in kun koma gaban masu aikin. Na daɗe ina aikin tsara fashin dutse da auna girgizarsa, kuma irin wannan ƙorafi na sha jin sa a bakin dattawa. Nakiya tana iya tsaga gini daga wannan nisa idan an yi aikin da ganganci. Idan an yi shi yadda ya kamata, da wuya. Wanda ya ce maka aikinsa yana kan ƙa'ida, sai ya nuna takardar awo, don wannan magana ce da ake tabbatarwa da na'ura. Haka ku ma, ba duk tsagar da ke bango za ku ɗora wa nakiya ba sai da shaida.

Dutsen nan da ake haƙa shi ne ginshiƙin siminti. Ana niƙa shi, a haɗa da laka, a gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1450. A yankinmu akwai shi a Mayo-Luti, wajen Figil da Bidzar, inda masana'antar siminti take aiki tun farkon shekarun 1970, akwai shi kuma a tsallaken iyaka wajen Pala a Chadi, inda aka buɗe masana'antar Baware a 2012. Aikin ba zai tsaya ba, kowa na son siminti. Abin da ya rage shi ne a yi shi ba tare da an cuci maƙwabta ba, kuma hanyoyin yin hakan sanannu ne.

Yadda ake tayar da nakiya

Ana yanka dutsen hawa-hawa, kowane hawa tsayinsa kamar mita 10 zuwa 15. A saman hawan injin huda zai jera ramuka, faɗin kowanne kusan santimita 10. A zuba nakiya, mafi yawa haɗin sinadarin amoniyam naitiret da man gas, in kuma ramin da ruwa a ciki a sa wata mai kauri da ruwa ba ya ɓata ta. Ba a cika ramin har baki. Ana barin kamar mita biyu da rabi zuwa uku a sama a cushe da tsakuwa, don ƙarfin ya tsaya cikin dutse maimakon ya fito sama. Wannan toshiya, ka riƙe ta, za mu dawo kanta.

Ga inda sirrin yake. Rami irin wannan yana cin nakiya kamar kilo 6 a kowace mita, wato kusan kilo 55 zuwa 60 a rami guda. A ce an huda arba'in, an zuba sama da tan biyu ke nan. Da za su tashi gaba ɗaya, da girgizar ta yi muni ƙwarai. Shi ya sa ake sa wa kowane rami detoneta, wato ɗan bututun da ke kunna nakiyar, mai jinkiri, wannan ya tashi, bayan kashi 17 ko 25 ko 42 cikin dubu na daƙiƙa na gaba ya tashi. Kunne yana jin kamar ƙara ɗaya ce mai ɗan tsawo, amma ƙasa tana karɓar su ɗaya bayan ɗaya. Kamar buhunan siminti ne a bayan amalanke: in aka ɗora su ɗaya-ɗaya ana saukewa za ta ɗauka, in aka jibga arba'in a lokaci guda gatarinta zai karye. Don haka yawan nakiyar da aka kashe a ranar ba shi ne abin tambaya ba. Abin tambaya shi ne kilo nawa ke tashi a bugu ɗaya. A lissafin da muke amfani da shi, ramuka arba'in a tare za su girgiza gidanku kusan ninki ashirin na abin da rami guda zai yi. In aka rage nauyin bugu ɗaya da rabi, girgizar tana sauka zuwa kusan kashi 57 cikin ɗari. In nisa ya ninka, tana sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ƙarar da ke kaɗa kwano daban, girgizar ƙasa daban

Abin da Baba yake ji abu biyu ne da ke zuwa a jere. Na farko ta ƙasa yake bi, yana gudun kilomitoci a daƙiƙa, ya iso kusan nan take. Na biyu ta iska yake bi da gudun sauti, mita 340 a daƙiƙa, don haka a nisanku zai iso bayan daƙiƙa biyu zuwa uku. Ranar fashi ta gaba ka tsaya a tsakar gida ka lura: za ka ji motsi a tafin ƙafa, sannan kwano da taga su amsa. Na biyun shi ke firgita mutane, ya tayar da jariri, ya tarwatsa kaji, amma ba kasafai yake taɓa bango ba. A Amurka iyakar da aka saba sa masa desibel 133 ce a ma'aunin ƙarfin ƙara, gilashin taga kuwa sai an wuce haka sosai yake fashewa. Duk da haka ba na raina shi. Tsoho mai hawan jini da ake firgitawa ba tare da sanarwa ba an cuce shi, ko da bangonsa bai tsage ba. Kuma ƙara mai tsanani alama ce ta aiki mara kyau: toshiya ta yi gajarta, ko an bar igiyar nakiya a fili ba a rufe ta da ƙasa ba, ko an tayar da sassafe lokacin hunturu, sa'ad da sanyin da ke kwance a ƙasa yake danne sauti ya kai shi nesa. Fashi a irin wannan lokaci ya kamata ya jira rana ta ɗaga, iska ta warware.

Girgizar ƙasa ana auna ta da milimita a daƙiƙa, wato saurin da ƙasa ke motsawa a inda aka dasa na'urar. Jikin mutum yana jin ta tun ba ta kai milimita ɗaya ba, nesa da inda gini ke fara lalacewa, shi ya sa jin motsi kaɗai ba ya zama hujja. Hukumar ma'adinai ta Amurka, a binciken da ta fitar a 1980, ta sa milimita 12.7 ga gidaje masu tsohon yaɓe idan girgizar mai kaɗawa a hankali ce. Dokar Faransa ta 1994 kan wuraren fasa dutse ta sa 10. Ma'aunin Jamus, DIN 4150, ya fi tsauri: 5 ga gidajen zama, 3 ga gine-gine masu rauni da na tarihi.

A nan dole a yi gaskiya. Waɗannan alƙaluma an samo su ne daga gidajen katako da bulo da kankare na ƙasashensu. Ba a gwada su a kan ɗakin tubalin laka da aka gina ba tare da harsashi mai zurfi ba, wanda ya sha damina talatin. Don haka in wani ya nuna maka takarda ya ce bai kai 10 ba, ya cika wata ƙa'ida, amma bai gama amsa tambayarka ba. Ni a aikina, duk inda akwai gidajen ƙasa, ma'aunin 3 nake riƙewa, kuma a nisa irin naku ana cimma sa ba tare da wahala ba in an tsara jinkirin da kyau. Irin wannan taka-tsantsan ake bukata a Bidzar ma, inda zane-zanen mutanen dā suke a kan shimfiɗar dutsen, waɗanda Kamaru ta sa a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006.

To, me ya tsaga ɗakunan?

Ban ga gidan ba, kuma babu injiniyan kirki da zai yanke hukunci a kan bangon da bai taɓa da hannunsa ba. Amma zan gaya maka abin da nake dubawa.

Farko ƙasar da gidan yake kai. Kun san karal, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa a cikinta bayan damina. Da rani tana darewa har ƙafar akuya ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Gidan da ke kanta, ko kan mai kama da ita, yana hawa yana sauka kowace shekara, ko da babu nakiya a duk lardin. Tsagar da wannan ke haifarwa tana tasowa daga ƙasa, ta hau a karkace ko ta bi layin tubali kamar matakala, gefe ɗaya ya fi faɗi, ta buɗe a watan Maris da Afrilu, ta matse in ruwa ya zauna. Sai indararo da ke zuba a gindin bango, da gara, da saiwar bishiya, da ginin bulo da ba a yi masa ɗamarar kankare a sama ba. Tsagar girgiza kuwa yawanci siririya ce kamar gashi, tana fitowa daga kusurwar ƙofa da taga, ko inda bango biyu suka haɗu, ko yaɓe ya ɓamɓare ya zubo.

Sai dai abin ba ya rabuwa sarai haka. Bangon da ƙasa ta riga ta raunana, girgizar da ba za ta yi wa lafiyayyen gini komai ba tana iya ƙara masa tsawon tsaga. Cewa gininku ba shi da ƙwari ba ta wanke mai fashi. Ya tarar da gidajen a haka, a kansu ya kamata ya yi lissafinsa.

Akwai gwajin da za ka fara gobe ba tare da kashe ko sisi ba. Ka sa fensir ka ja layi a daidai inda kowace tsaga ta ƙare, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka kafa ƙananan ƙusoshi biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, ka auna tsakaninsu da rula. Ka ɗauki hoto da waya, rular tana ciki. Wani yaro mai hankali a gidan ya riƙe littafi: ranar fashi, ƙarfe nawa, awo kafin a tayar, awo bayan an tayar, da awo a ranakun da ba a yi komai ba. In tsagar tana tsallake layin fensir a ranakun fashi kaɗai, kun sami magana mai nauyi. In tana tafiya da yanayi, ta buɗe da rani ta rufe da damina, to ƙasa ce, kuma gara ku sani don ku gyara abin da ya dace. Wannan littafi na ga ya kashe gardamar da shekaru ba su kashe ba, wani lokaci ya ba mutanen gari gaskiya, wani lokaci ya ba masu aikin.

Abin da ya fi tsaga haɗari

Ka tambaye ni kan bango, amma abin da ya fi hana ni barci a wannan sana'a shi ne tsalle-tsallen dutse. Ɓaraguzan da suka kuɓuce suna iya tafiyar ɗaruruwan mitoci, kuma guda ɗaya mai girman dunƙulen hannu ya isa ya kashe mutum. Dutsen siminti yana da wata ɗabi'a: ruwa yana cin sa ta ciki, ya bar koguna da rarake. In ramin da aka huda ya faɗa cikin irin wannan, mai zuba nakiya zai ga yana ta zubawa ba ta cika ba. Wanda ya san aikinsa nan take zai tsaya ya auna. Wanda ke sauri zai ci gaba, nakiya ta taru a wuri ɗaya, ta yi wurgi da gaban dutsen. Haka in kaurin dutsen da ke gaban rami ya yi kaɗan, ko an toshe baki da garin huda maimakon tsakuwa, ko an juya fuskar fashin tana kallon gari. Mafi muni shi ne ɗora nakiya a kan manyan duwatsun da suka ƙi fashewa. Wannan ya kamata a bar shi gaba ɗaya, a sa injin mai guduma ya farfasa su.

Jiniya kaɗai ba ta isa ba a wurinmu. Yaron da ke kiwon shanu a bayan tudu, da matar da ta shiga neman itace, da mai babur da ya yanko ta hanyar gona, ba lallai su ji ba, in sun ji ma ba lallai su san ma'anarta ba. Sai an tsayar da mutane masu jan tuta a kowace hanya, an zagaya an tabbatar babu kowa a cikin kamar mita 500, an kuma faɗa da Fulatanci da Hausa da harshen mutanen wurin. Bayan fashi, in kuka ga hayaƙi ruwan goro ko ja-ja yana tasowa, guba ce mai cin huhu, a shigar da yara ɗaki har ya wuce. Kuma duk wanda ya tsinci waya ko ɗan bututu mai launi a cikin tarin dutse, kada ya taɓa, wata nakiyar takan ƙi tashi ta zauna da ranta.

Ƙura da ruwa

Ƙurar fashi ta 'yan mintuna ce. Wadda ke hana shanya tana fitowa ne daga tayoyin tifa a kan hanyar da ba kwalta, da injin niƙa, da tarin garin dutse da iska ke kwasa yini guda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka garin da ke kudu maso yammacin ramin shi ke shan ta. Tana kwanciya a kan ganyen auduga da albasa, tana shiga ƙirjin yara da tsofaffi. Dutsen siminti bai kai dutsen gini mai ƙyalli yawan sinadarin silika mai lalata huhu ba, amma ƙura ƙura ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce ƙurar da ake shaƙa kada ta wuce maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a yini. Maganinta ba ɓoyayye ba ne: tankar ruwa tana jiƙa hanya sau da yawa a rana, a rage gudun motoci, a rufe lodi da tamfol, a sa feshin ruwa da murfi a injin niƙa, injin huda ya kasance mai tsotse ƙurarsa, a tara tudun ƙasa a dasa darbejiya tsakanin rami da gari. A lura dai kada tankar ta riƙa ɗiba daga inda gari ke sha a watan Afrilu.

Rijiya kuwa, fashi yakan gurɓata ruwanta na ɗan lokaci, amma ba kasafai yake kafar da ita ba. Abin da ke kafar da rijiya shi ne in ramin ya yi zurfi ya wuce matakin ruwan ƙasa ana zuƙe shi da famfo. Ku riƙa auna zurfin ruwan rijiyarku da igiya a farkon kowane wata. Ku nemi a gwada naitiret, sinadarin da ke cikin nakiyar, a cikinsa, iyakarsa miligiram 50 a lita, tare da sanin cewa takin zamani da masai ma suna kawo shi.

Abin da za ku nema

A Kamaru dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996, da dokar firaminista ta Fabrairun 2013 da ta fayyace yadda ake nazarin tasirin aiki a kan muhalli da jama'a, sun wajabta wa irin wannan aiki yin nazari da tsarin kula da muhalli, tare da jin ta bakin mutanen wurin. Dokar ma'adinai ta Disambar 2023 ita ce ke aiki yanzu a kan wuraren fasa dutse. Chadi ma tana da tata dokar muhallin. Ma'ana, akwai takardar da masu aikin suka sa hannu suka yi alkawura a cikinta, kuma ita ce farkon abin da za ku nemi gani.

Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ku je da baki kawai. Ku haɗu da maƙwabta, ku bi ta hannun jauro da lawan, ku rubuta takarda ga shugaban wurin fasa dutsen, kwafi ga sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gundumarku, da wakilan ma'aikatar muhalli da ta ma'adinai na yankinku, a buga muku hatimin karɓa. A ciki ku nemi a dasa na'urar auna girgiza a gindin bangon gida mafi kusa, a kan ƙasa mai tauri, a fashi da yawa a jere, wakilinku yana tsaye yana ganin alƙaluman. Dalilin cewa da yawa shi ne, fashi ɗaya ana iya ƙanƙanta shi saboda ranar awo. Ku nemi a rubuta kilo nawa ya tashi a bugu ɗaya a kowace rana, don a gane ko na ranar awo daidai yake da na sauran ranaku. Ku nemi tsayayyen lokaci da sanarwa tun jajibiri, a kauce wa lokacin sallar Juma'a da ranar kasuwa da tashin 'yan makaranta. Ku nemi a zagaya gidaje a rubuta halin da kowane bango yake ciki yau, da hotuna, kowa ya riƙe kwafi. Ku tambayi kuma abin da za a yi da ramin in an gama, don ramin da aka bari ya cika da ruwan damina ba shinge yana cin yara.

In kun zauna da injiniyansu, ku sani ba gaba kuke yi da aljihunsa ba. Duk ƙarfin da ya tafi girgiza gidanku ko ya tashi sama da ƙara, nakiya ce da aka saya da tsada ba ta fasa dutse ba. Fashin da aka tsara da kyau yana zubo dutse a gaban hawa daidai bakin injin niƙa, da ƙara mai nauyi mara tsanani. Mai sana'ar da ya san haka ba ya gudun na'ura.

Kafin duk wannan, ka je ka duba ɗakunan biyu da idonka. Kada a shafe tsagar da yaɓe sai an yi mata hoto da awo. Amma in yatsa yana shiga cikinta, ko ana hango haske ta ɗaya gefen, ko bangon ya fara karkata, ko ƙofa ta daina rufuwa, to kada a jira sakamakon wata takarda. A fitar da Baba da duk mai kwana a ciki zuwa wani ɗaki, a tokare bangon da itace, a samo magini ya gyara shi kafin ruwan farko ya sauka.